Sunayen da Shugaba Ya Nema

Lissafi take koyarwa a sakandaren 'yan mata, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ba ta taɓa leƙa taron siyasa ba. Yayanta ne ya jefa ta ciki. Shi ne sakataren jam'iyyarsu na yankin, mutum ne wanda ko ruwa zai roƙa sai ya gyara murya kamar an miƙa masa makirufo. Ana saura wata huɗu zaɓe ya zo gidanta, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce gardama ta ishe shi. Rabin ofis na cewa jam'iyya za ta ci zaɓe ko tana barci. Ɗaya rabin na cewa muddin Shugaba yana kan kujerar jam'iyyar, ko akwatin zaɓen ƙofar gidansa ba za su kawo ba. Sai dai masu wannan magana ta biyu ba sa yin ta sai sun waiwaya hagu da dama.

"Kowa da baki yake ƙirga ƙuri'a," in ji Yaya. "Ke da kika san lissafi, ki fita ki tambayi mutane, ki kawo mana abin da ido zai gani a takarda."

Ta ce ita ba ruwanta. Ya ce don girman zumunci. Ta ce to a bar ta ta yi shawara da maigidanta, wanda tela ne, shagonsa a gaban gidan. Tela ya ce shi dai tun da yake awo bai taɓa faɗa wa mutum gaskiyar faɗin cikinsa an gode masa ba. Amma bai hana ta ba.

A kan titi ta cinye hutun makaranta, ita da malamai uku abokan aikinta. Takarda ɗaya ga mutum ɗaya, tambaya huɗu. A saman kowace takarda akwai layi biyu, na suna da na lambar waya. Ita ba ta so a sa su ba, Yaya ne ya nace, ya ce in babu suna za a ce a ɗaka ta zauna ta cike su da hannun hagu. Don haka duk wanda ta tsaya a gabansa sai ta rantse masa cewa daga ita sai Allah, ba mai ganin sunansa. Ta rantse wa matar da ke shara a asibiti. Ta rantse wa masu rumfa a bakin tasha. Har shugabar makarantarsu ta rantse wa, wadda sai da ta tashi ta tura ƙofar ofis kafin ta amsa tambaya ta huɗu.

Mutum ɗari shida suka samu. Da Malama ta gama haɗa lissafin sai ta sake daga farko, ko ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Cikin kowane mutum ɗari, talatin da ɗaya ne kacal suka ce za su zaɓi jam'iyyar. Tambaya ta huɗu kuwa cewa take: in aka canja shugabancin jam'iyya, za ka sake shawara? Da wannan, talatin da ɗaya ya koma hamsin da biyu.

Ranar Alhamis Yaya ya karanta rahoton a tsaye, a tsakar gidanta. Da ya kai shafin ƙarshe sai leɓensa ya bushe.

"Wannan shafin, cire shi."

"Yaya, ai shi ne amsar abin da kuke gardama a kai."

"Na ce ki cire. Ko kin manta mai shagon taya?"

Ba ta manta ba, ba wanda ya manta. Mai shagon taya shi ne mataimakin Shugaba a da. Wata rana ya miƙe a taro ya ce a daina tsayar da 'yan takara a falon mutum ɗaya. Bayan kwana tara aka gano cewa shagonsa ya ci titi, katafila ta zo ta kwashe shi da tayoyin da komai. Ba wanda ya ji Shugaba ya ɗaga murya a kan maganar. Har jaje ya je ya yi masa.

Ta cire shafin.

Ranar Asabar da hantsi aka yi taron, a ofishin jam'iyya da ke saman wani kantin magani. Matattakalar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa iya giftawa. A samanta direban Shugaba yake tsaye, wanda kowa ke kira Dogo, riƙe da kwali yana karɓar wayoyi. Malama ta jefa tata, ta ji ƙararta a kan sauran kamar ta jefa ta rijiya.

Mutum goma sha huɗu ne a ɗakin, a kan kujerun roba, sun kewaye dogon tebur. Fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma da ƙyar, tana ƙiiƙii. Ta yi zaton za ta ga ƙato mai hargagi. Sai ta ga ɗan ƙaramin dattijo, siriri, yana goge tabarau da gefen riga. Ya tambaye ta makaranta, ya tambaye ta yara, har ya san cewa babbar 'yarta ta karye a hannu bara. Wannan ne ya fara ba ta tsoro, domin ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba sai yau.

"Bismillah, Malama. Muna ji."

Ta miƙe ta karanta. Ta ajiye takardar a kan tebur ta danne da yatsu. Da ta furta "talatin da ɗaya", sai ɗakin ya ɓarke.

Shugaban matasa ne ya fara, yana buga tebur. "Talatin da ɗaya? Wa ya cika fili ranar gangami? Aljanu? Har kan katanga mutane suka hau!"

"Mawaƙi suka zo kallo," in ji shugabar mata, wata Hajiya mai jiki da kaurin murya, da ta zauna daf da taga tana fifita da fayil. "Yana sauka daga dandamali rabin fili ya watse. Ina wurin, ba labari aka ba ni ba."

Lauyan jam'iyya ya ce a yi haƙuri, malaman makaranta huɗu ba su isa su auna zuciyar yanki guda ba, wataƙila ma unguwannin abokan hamayya suka fi shiga. Malama ta ce, da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji, kowace unguwa an ba ta kaso daidai yawan masu rajistarta. Wani tsohon kansila ya ce shi dai ya san a hannun Shugaba jam'iyya ta ci zaɓe sau uku.

"Ta kuma faɗi biyun ƙarshe," in ji Hajiya.

"An yi mana maguɗi!"

"Maguɗin ne ya buɗe rijiyar burtsatse ɗaya sau uku, da almakashi da ƙyalle da 'yan jarida, har yau ko ɗigo? Mata ne ke jan jarka, ku kuna mota. Ni nake shiga gidaje ana watsa mini magana a fuska."

Shugaban matasa ya ce ai abokan hamayya ba su da ɗan takara, nasu ko magana bai iya ba. Lauya ya ce in aka ƙara gangami biyu, aka buga sababbin hotuna, talatin da ɗaya zai zama sittin. Kowa na magana, ba mai jin kowa. Duk gardamar nan ba wanda ya ambaci kujerar da ke kan tebur. Suna zagaye ta kamar rami a tsakiyar hanya. Shi kuwa mai kujerar yana zaune ya harɗe yatsu, yana kallon duk mai magana da fuskar tausayi.

Malama ta fara tattara takardunta a hankali, tana ganin ta tsira. Sai Hajiya ta nuna ta da fayil.

"'Yata, tsaya. An zo gidan ƙanwata da takardar nan, na gan ta da idona. Tambaya huɗu ce. Uku kika karanta mana. Ina ta huɗun?"

Malama ta dubi Yaya. Yaya yana kallon biro ɗinsa kamar yau ya fara ganin biro.

"Wace tambaya ce?" in ji Shugaba a hankali.

Ta so ta ce ta manta. Ta so ta ce ba a gama haɗa ta ba. Amma harshenta ya ƙi, shekara goma sha ɗaya tana dukan tebur a kan kada yarinya ta rubuta lambar da ta san ba ita ba ce. Ta ji bakinta yana faɗar tambayar, kalma bayan kalma, ya kuma faɗi amsar: hamsin da biyu.

Wannan karon ba wanda ya buga tebur. Fankar kaɗai ake ji. Tsohon kansila ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Shugaba ya cire tabarau ya sake gogewa.

"Wato ni ne ciwon," ya ce, yana ɗan murmushi. "To, ai likita ba ya laifi. Malama, waɗannan mutum ɗari shida, mutane ne na gaske?"

"Na gaske ne, ranka ya daɗe."

"Ni ma ina shakka," in ji lauya da sauri. "Wa ya sani ko a ɗaki aka zauna..."

Nan Yaya ya zabura. Ƙanwarsa ake wa ƙazafi, shi kuma ya kawo ta, kuma yana neman abin da zai wanke kansa. "A'a, ranka ya daɗe, kowace takarda da suna a kai, har da lambar waya. Ni na ce a sa, saboda irin wannan maganar."

Yana rufe baki ya gane abin da ya yi. Ta ga gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Madalla," in ji Shugaba. "Ka yi tunani, Sakatare. To a kawo mini su. Wanda duk na ɓata wa rai, ina so in kira shi da kaina in ba shi haƙuri. Ɗaya bayan ɗaya." Ya juya wajen ƙofa. "Dogo, kai Malama gida ta ɗauko. Muna nan, ba mai tashi."

A bakin matattakala ta miƙa hannu cikin kwalin wayoyi. Dogo ya janye shi. "In mun dawo," ya ce.

Motar baƙa ce mai duhun gilashi, sanyin cikinta har ƙashi. Ta zauna a baya, tana kallon ƙeyar Dogo da wani tsohon tabo da ya ratsa ta. Bai kunna rediyo ba. Bai kuma tambaye ta hanya ba, ya san gidan.

Suka wuce bakin tasha. Ga masu rumfa nan a jere, kowa da harkarsa. Mai gyaran agogo da ya ce mata, "Malama, in maganar nan ta fita, rumfata ce." Suka wuce asibiti. Matar da ke shara ba ta da takardar ɗaukar aiki, kalma ɗaya daga sama ta isa a ce kada ta zo gobe, ga marayu huɗu. Ita ce ta kama hannun Malama ta ce, "Rantse." Malama ta yi tunanin buɗe ƙofa ta faɗa titi a wurin da mota ta rage gudu. To ta gudu ina? Kwalin takardun yana ƙarƙashin gadonta, Dogo kuma ya san ƙofar.

Da suka tsaya ya kashe mota. "Minti biyar," ya ce.

Ta ratsa ta cikin shago. Tela yana kan keke, tef a wuya, allura a baki. Kallo ɗaya ya yi mata ya tsayar da ƙafa. Ta ja hannunsa zuwa ɗaki, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Surukarta, Inna, tana zaune a tsakar gida tana shan iska, ta bi su da ido, sannan ta dogara sanda ta biyo su.

Cikin numfashi uku Malama ta faɗi komai, tana jawo kwalin daga ƙarƙashin gado.

"Wa ya ce masa akwai sunaye?" in ji tela.

"Yaya."

Tela ya buɗe baki, ya tuna yayan matarsa ne, ya rufe. "Mu ƙona su."

"Hayaƙi zai gani. Kuma in na koma hannu wofi za su ce ƙarya na shirya tun farko."

Ya ɗauki takarda ɗaya ya duba. Sunan da lambar suna can sama, amsoshin suna ƙasa, tsakaninsu fili kamar faɗin yatsa biyu. Ya fita da gudu ya dawo da babban almakashinsa na yankan yadi, wanda ko ita ba ya bari ta taɓa.

"Jera mini goma sha biyar goma sha biyar. Ki daidaita bakinsu."

"Baban yara, shagonka..."

"Jera."

Inna ta gyara mayafi. "Wane ne a waje?"

"Direbansa, Inna. Ya ce minti biyar."

"Minti biyar? Ni gaisuwata kaɗai ta fi haka." Ta juya ta fita, sanda na ƙwanƙwasa siminti.

Suka durƙusa a ƙasa. Tana jerawa yana yankewa, ƙaras, ƙaras, sunaye na zuba a kan leda kamar gashi a shagon aski. Ta tagar da ke kallon titi suna jin muryar Inna. Ta gaida Dogo, ta tambaye shi iyali, ta tambaye shi mahaifiyarsa tana raye, ta ce Allah ya ƙara mata lafiya, ita dai gwiwoyinta sun zama abin da suka zama, wannan ta hagun ma gara ta dama, likita ya ce ta rage gishiri, shi likitan ko aure bai yi ba zai koya mata cin gishiri. Ta ce tsayinsa ya tuna mata da wani ƙanen mijinta da ya taɓa buga kai a ƙofar jirgin ƙasa. Ta ce bai sha ruwa ba, ba a zuwa ƙofarta a tafi da ƙishi.

Sun kai rabi, almakashin ya fara dakushewa. Tela ya rage zuwa goma goma. Babban yatsansa ya yi ja, fatar ta ɗaye, bai tsaya ba. Hon ya yi ƙara sau ɗaya. Malama ta zabura har ta watsar da jeri guda. Hon ya sake ƙara, mai tsawo.

Sai suka ji an buɗe ƙofar mota an rufe. Suka ji Inna tana cewa, "Ɗana, ai ban gama ba ka labarin..." Suka ji takun takalmi a cikin shago, sannan a tsakar gida.

Labulen ɗakin a ɗage yake, ba wanda ya tuna ya sake shi. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa, kansa ya kusa taɓa sama, inuwarsa ta rufe su. Ya dubi almakashin. Ya dubi tarin sunayen a kan leda. Saura kamar takarda tamanin a hannun Malama, ta rungume su a ƙirji ba ta san ta yi ba. Tela ya miƙe a hankali ya shiga tsakaninsu, almakashi a hannu, shi da bai kai kafaɗar Dogo ba.



"Layin bayan gidan mai," in ji Dogo, muryarsa ƙasa ƙasa. "Kun shiga da takardun nan?"

"Mun shiga."

"Gida mai shuɗiyar ƙofa?"

"Ban... ban riƙe ƙofofi ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ya dubi Inna da ta iso bayansa tana haki.

"Inna, ruwan nan da kika ce. A kawo mini mota. Mai sanyi, ko zai ɗan ɗauki lokaci."

Ya fita. Malama ta zauna daɓas. Tela ya karɓe sauran takardun daga ƙirjinta ya gama da su. Ya tattara sunayen ya cusa cikin buhun ƙyallaye, ya tura can ƙasa, ya ce kafin ta dawo sun zama toka a dutsen guga. A bakin ƙofa ya riƙe gefen kwalin bai saki ba.

"In biyo ki?"

"Ka zauna da yara. In la'asar ta yi ban dawo ba, ka je wurin shugabar makarantarmu ka faɗa mata."

A hanyar komawa ba ta tambayi Dogo wane nasa ne ke gida mai shuɗiyar ƙofa ba.

Matattakalar ta fi ɗazu tsawo. Da ta shiga, suna nan yadda ta bar su, sai dai an kawo lemo ba wanda ya buɗe. Ta ajiye kwalin a gaban Shugaba ta koma baya. Ya sa tabarau, ya ɗauki takarda ɗaya, ya juya ta. Ya ɗauki ta biyu. Ya zura hannu can tsakiya ya zaro wata. Ya shafa bakin da aka yanke da ɗan yatsa.

"An yi musu aski," ya ce.

"Ranka ya daɗe, na rantse musu." Muryarta ta fito siririya, tana tsinkewa. "Amsoshin duk suna nan, da rubutun hannu huɗu, kowa zai iya ƙirgawa. Sunayen ne... na rantse musu da Allah."

Yaya ya rufe fuska da tafin hannu. Shugaban matasa ya fara miƙewa, Shugaba ya ɗaga yatsa ɗaya, ya koma ya zauna.

"Dogo, kana ina aka yi wannan?"

"Ina mota, ranka ya daɗe. Wata tsohuwa ta tsare ni da gaisuwa."

Shugaba ya dube shi, ya daɗe, sannan ya dawo da idonsa kan Malama. Murmushin yana nan.

"Maigidanki tela ne ko? Shagon da ke kusa da famfo, mai rumfar kwano a gaba." Ya sake shafa bakin takardar. "Hannunsa a miƙe yake. Ki gaishe shi."



Sai kujerar roba ta yi ƙara. Hajiya ce ta miƙe, da ƙyar, tana dafa tebur.

"Ranka ya daɗe, in suna kake nema, ga ɗaya ba sai an je da mota ba. Shekara goma sha tara ina bayanka, ranar da aka jefe mu a kasuwa ina gefenka. Ba a kawo mini takardar ba, amma da an kawo, cikin hamsin da biyun nan zan faɗa. Ka huta haka nan, ka sa albarka a tsayar da wani. In ba haka ba wallahi kunya za mu sha."

Ta waiwaya tana neman wanda zai mara mata baya. Tsohon kansila ya yi gyaran murya, kowa ya dube shi, sai ya ce makogwaronsa ne. Wani daga ƙarshen tebur ya ce, "Akwai dai abin dubawa," ya yi shiru kamar ya yi saɓo. Lauya yana karanta bayan kwalbar lemo.

"An gode, Hajiya," in ji Shugaba. "Za a duba. Sakatare, rufe mana da addu'a."

Yaya ya yi addu'ar, ya ɓata ta sau biyu.

Abin da ya biyo baya bai zo da hayaniya ba. Ranar Talata aka ce an ba Yaya hutu daga kujerar sakatare, don ya kula da lafiyarsa. Ranar Alhamis wasu mutum biyu da tef da bokitin fenti suka auna gaban shagon tela, suka shafa jan gicciye a bango, alamar rushewa, suka tafi ba su ce komai ba. Tela ya kira maƙera suka cire rumfar kwanon da kansa, ya kwashe kekuna biyu ya shigar cikin gida. Daga ranar, duk motar da ta yi nauyin ƙara a titi sai Malama ta ajiye abin da ke hannunta ta saurara. Ta canja hanyar zuwa makaranta. Ta hana yara wasa a ƙofar gida. In masinja ya leƙo aji ya ce shugabar makaranta na kira, sai alli ya faɗi daga hannunta, tana jiran takardar canjin wurin aiki zuwa inda mota ba ta zuwa. An sauke Hajiya ma, aka naɗa wata.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne maganar ta fita a karkace. Aka ce ta kai wa Shugaba kwali cike da sunaye. Mai gyaran agogo ya tare ta a bakin tasha, idonsa ja, ya ce, "Malama, da gaske ne?" Ta rantse masa a karo na biyu. Ya ce to, amma ba ta ga alamar ya yarda ba. Matar da ke shara a asibiti kuwa, in ta hango ta sai ta sauya hanya. Haka aka yi wata uku da 'yan kwanaki, kowa na jiran kiran waya da bai zo ba.

Aka yi zaɓe, jam'iyya ta faɗi. Talatin da uku ta samu cikin ɗari. Shugaba ya tara 'yan jarida ya ce an yi maguɗi, bayan wata guda ya tafi ganin likita a ƙasar waje, bai ce ya sauka ba, bai ce yana nan ba. A ofishin da ke saman kantin magani aka buɗe sabuwar gardama kan wanda zai riƙe kujera, kuma yanzu kowa cewa yake shi tun farko ya faɗa. Katafila ba ta zo ba. Jan gicciyen yana nan a bango, tela ya ce ba zai goge ba sai ya ga wanda aka naɗa.

Yaya bai taka gidan ba sai bayan zaɓe da sati shida. Ya zo da leda a hannu, ya tsaya a shago yana kame kame. Wanduna uku ne a ciki, duk sun yi masa yawa, yana so a rage. Tela ya zagaya ƙugunsa da tef, ya duba, ya ce inci huɗu ya tafi.

Malama ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa.

"Ke dai kin ce talatin da ɗaya," ya ce can. "Talatin da uku aka samu."

"Na yi kuskuren biyu, Yaya."

"To ki riƙa kula."

Inna ta ƙwala kira daga tsakar gida, ta ce wane ne a shago yake magana kamar mara lafiya, in Sakatare ne ya shigo ya gaishe ta, ko shi ma an sauke shi daga gaisuwa. Ya cire takalmi ya shiga.